Rana Ba Ta Ƙarya: Waranti da Kan Iyakar Bagudo

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya, wadda nake so in shimfiɗa ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a cikin wannan mujalla, ko Allah ya sa wani ya ɗauka daga inda na tsaya. Tambayar ita ce: idan kotu ta sanya wa mutum rana, ranar ta zo bai bayyana ba, alƙali ya ba da takardar a kamo shi, wato abin da muke kira waranti, to mene ne ya wajaba a kan wannan mutum daga wannan lokaci? Ya dawo da ƙafarsa ya miƙa kansa, ko kuwa ya nemi inda zai ɓuya? Mene ne ya wajaba a kan danginsa da wanda ya tsaya masa? Ita kuma kotun da ta ba da takardar, ba wani nauyi a wuyanta?

Wani zai ce ai wannan magana ce ta lauyoyi, me ya kawo ta cikin mujallar masu nazarin Hausa? Ni kuwa ina ganin tun kafin ta zama maganar lauyoyi, magana ce ta alkawari da amana da zumunci, waɗanda Bahaushe ya daɗe yana tunani a kansu. Na kuma zaɓi in dubi al'amarin daga ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi saboda wani dalili. Mutumin da ke zaune a tsakiyar Kano ko Sakkwato, idan ya amsa kiran kotu, ba mu san ko mutunci ne ya kai shi ko tsoro ba, don kuwa duk inda ya juya cikin hannun hukuma yake. Amma wanda ke zaune a Lolo ko Tsamiya, tafiyar ɗan lokaci a kan babur ta ishe shi ya fita daga ƙasar baki ɗaya. Tsoro ba ya riƙe irin wannan mutum sosai. Saboda haka a nan ne za mu gane ko akwai wani dalili, ban da tsoro, da zai sa mutum ya cika ranar da aka sanya masa.

Abin da doka ta ce

Bari mu fara da sanin yadda abin yake tafiya. Kotu tana kiran mutum da sammaci. Idan kuwa an riga an gurfanar da shi, takan ba da belinsa, ya sa hannu a kan cewa zai dawo rana kaza, wani kuma ya tsaya masa a kan kuɗi kaza. Tun daga 1960 kotunan Arewa suna aiki da kundin tsarin shari'ar laifuffuka na Jihar Arewa, har zuwa 2015 da Gwamnatin Tarayya ta yi sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka domin kotunanta, jihohi kuma suka bi sawu suka yi nasu a kan tsarinta. Sashe na 184 na dokar 2015 ya ba kotu ikon ba da waranti a kan wanda aka ba beli ya ƙi zuwa. Sashe na 179 ya ce za a iya kiran wanda ya tsaya masa ya biya kuɗin da ya yi lamuni, ko ya kawo hujjar da za ta hana a karɓa. Sashe na 352 kuma ya yarje wa kotu ta ci gaba da shari'a a bayan idon wanda ya tsallake beli ba da wani uzuri ba, bayan an ɗage zama sau biyu, har ta same shi da laifi, sai dai a jinkirta faɗin hukuncin har ranar da ya zo hannu.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne waranti ba ya ruɓewa. Yana nan da ƙarfinsa har ranar da aka zartar da shi, ko kotun da ta ba da shi ta soke shi. Shekara goma ba ta kashe shi, canjin alƙali ma ba ya kashe shi.

Abin da iyaka take yi wa waranti

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana bakin Kogin Kwara, cikin masarautar Gwandu, kuma garuruwanta irin su Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya suna fuskantar lardin Alibori na Jamhuriyar Benin. Layin da ya raba su da 'yan'uwansu ba su suka ja shi ba. Ingila da Faransa ne suka zauna a birnin Paris ran 14 ga Yuni 1898 suka raba ƙasar Bargu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, aka kuma ƙara tantance layin a 1906. Ƙasar da ke wancan gefe ta sami mulkin kai a 1960 da sunan Dahome, ta koma Benin a 1975. Duk da wannan, Dandawa da Kyangawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawan yankin ba su fasa auratayya da cin kasuwannin juna ba. Mutum yana iya kasancewa gidansa a Nijeriya, surukansa a Segbana, abokin cinikinsa a Malanbil. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ma ta ba ɗan ƙasa ɗaya damar shiga ɗayar ya yi kwana 90 ba tare da biza ba.

To mutum yana ƙetarewa, amma waranti ba ya ƙetarewa. Ɗan sandan Nijeriya ba shi da ikon kama kowa a Segbana, kamar yadda ɗan sandan Benin ba shi da ikon kama kowa a Ka'oje. Akwai dai yarjejeniyar miƙa masu laifi da Nijeriya da Benin da Togo da Gana suka sa wa hannu a Legas a 1984, akwai kuma ta ECOWAS ta 1994. Amma wannan hanya ta manyan shari'u ce. Mun gani a kan Abdulrashid Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, wanda aka tuhuma da halatta kuɗin haram a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja. Ya daina zuwa kotu a 2020, Mai Shari'a Okon Abang ya soke belinsa a watan Nuwamba ya ba da waranti, aka kama shi a Yamai a ƙarshen watan, aka dawo da shi a farkon Disamba, aka ɗaure shi shekara 8 a Nuwamban 2021. Wannan maganar biliyoyin naira ce. Wa zai tayar da ma'aikatun ƙasa biyu saboda rikicin gona, ko barnar shanu, ko buhun shinkafa biyar da aka kama a kan babur lokacin da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020? Ba kowa. Saboda haka talakan bakin iyaka, in ya so, yana iya zama a wancan gefe har gashinsa ya yi fari.

Rashin zuwa iri-iri ne

Kafin mu yanke wa kowa hukunci, ya kamata mu lura cewa abin da magatakardan kotu yake rubutawa ɗaya ne, wato an kira wane ba ya nan, amma abin da ke ƙarƙashin wannan rubutu ba ɗaya ba ne. Ni na kasa shi kashi huɗu.

Na farko shi ne wanda bai sani ba. An faɗi ranar da Turanci, ko an faɗa da Hausa cikin hayaniya alhali shi Dandanci ko Fillanci ya fi ji, ko an ce masa sha bakwai ga wata shi kuwa lissafin watan sama yake yi, ko an kai sammaci gidansa yana can wajen kiwo. Rashin sani ya fi dare duhu. Na biyu shi ne wanda ya sani amma aka tare shi: ciwo ya kwantar da shi, ko ba shi da kuɗin mota, ko ruwa ya yanke hanya. Wanda ya ga ambaliyar da ta cinye fadamun shinkafa na Kebbi a daminar 2020 ya san cewa akwai makonnin da fita daga wasu ƙauyukan bakin kogi sai da jirgin ruwa. Idan kuma shari'ar ta fasa-ƙwauri ce, Babbar Kotun Tarayya ce ke da ita, sai mutum ya je har Birnin Kebbi. Na uku shi ne wanda ya kuskure rana ɗaya a kan uzuri, sai ya ji an ce an ba da takardar kama shi, tsoro ya shige shi, ya ƙi zuwa ta biyu da ta uku. Wannan da farko bai yi niyyar gudu ba, warantin ne ya mai da shi magudanci. Na huɗu shi ne wanda ya zauna ya yi lissafi, ya ga gudu ya fi masa riba, ya gudu.

Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun daɗe da gane cewa ba a haɗa waɗanda ba su halarta ba a kwando ɗaya. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, an raba wanda ba ya nan gwargwadon nisansa. Na kusa, sai an aika masa an yanke masa uzuri, ko ya zo ko ya wakilta wani. Na nesa ana iya yin hukunci a bayansa, amma sai an rantsar da mai ƙara, kuma a ajiye masa hujjarsa har ranar da ya dawo. Abin da ya fi burge ni shi ne an daidaita tafiyar kwana biyu a kan hanya mai hatsari da tafiyar kwana goma. Wato nisa ba a ƙafa kaɗai ake auna shi ba, har da halin da hanyar take ciki. Ko da yake wannan hukunci a kan da'awar dukiya aka yi shi, hikimarsa ta shafi zamaninmu, musamman tun da 'yan bindiga suka soma kai hare-hare a arewacin Benin a 2021, Lakurawa kuma suka bayyana a Jihar Kebbi a 2024.

Binciken zamani ma ya zo ya gaskata su. A 2020 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani nazari da aka yi a birnin Nuyok na Amurka a kan masu ƙananan laifuffuka. Da aka gyara takardar sammaci aka sa rana da wuri da sakamakon rashin zuwa a sama inda ido zai fara faɗawa, rashin zuwa ya ragu da kashi 13 cikin ɗari. Da aka riƙa aika wa mutane saƙon tuni ta waya, ya ragu da kashi 21 cikin ɗari. Wanda ya yi niyyar gudu, saƙon waya ba ya dawo da shi. Ashe ke nan da yawa daga cikin waɗanda ake ɗauka masu taurin kai ne, mantuwa ce da ruɗewa suka hana su. In haka ta faru a inda kusan kowa ya iya karatu, ina ga ƙauyen da takardar ma sai an nemi mai karanta ta?

Shin ya dawo?

Yanzu mu ɗauka ga wani manomi, an yi ƙararsa a kan faɗa da ya kai ga rauni, an ba da belinsa, ya kuskure rana, an ba da waranti, ga shi can zaune gidan kawunsa a wancan gefe. Idan na ce masa ya dawo, yana da amsa, kuma amsar ba ta banza ba ce. Zai ce mini: "Malam, ka san in na koma za a soke belina a kai ni gidan yari. Ka san kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi, wasu har sun wuce shekarun da za a ɗaure su in da an same su da laifi. Damina ta kusa, wa zai yi mini noma? Abokin shari'ata kuma ya fi ni hannu da shuni. Don me zan kai kaina mahallaka?"

Tsohuwar amsa ga irin wannan ita ce ta Sukurat, masanin falsafa na ƙasar Girka. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, kotun birnin Atina ta yanke masa hukuncin kisa, abokinsa Kirito ya shirya masa hanyar gudu, ya ƙi. Almajirinsa Aflatun ya ruwaito cewa hujjarsa ita ce dokokin birnin ne suka rene shi suka ilmantar da shi, ya zauna ƙarƙashinsu shekara saba'in da yardarsa, saboda haka bai kamata ya karya su ranar da suka juya a kansa ba. Hujja ce mai kyau, amma ina shakkar ta kama manominmu. Shi zai tambaya, wace makaranta hukuma ta gina masa, wane asibiti, wace hanya? Mutumin da bai san gwamnati ba sai a shingen kwastan, da wuya ka ce masa gwamnati uwa ce a gare shi ya yarda.

Duk da haka ni ina ganin ya wajaba ya dawo, sai dai dalilina ba bashin da gwamnati take bin sa ba ne. Bashin na mutum uku ne. Na farko shi ne wanda ya yi ƙara. Shi ma talaka ne, shi ma ya biya kuɗin mota, ya bar gonarsa, ya zo ya zauna a kan benci tun safe. Abin da ya fi wannan, ya yarda ya ajiye sandarsa da addarsa ya kawo kukansa gaban alƙali. In ya ga cewa duk wanda aka kai ƙara yana iya hawa babur ya ɓace, gobe ba zai kawo ƙara ba, zai rama da hannunsa. A ƙasar da manomi da makiyayi suke gugar juna kowace kaka, mun san inda wannan ke kaiwa.

Na biyu shi ne wanda ya tsaya masa. Wannan mutum bai yi faɗa da kowa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ce, na san shi, ba zai gudu ba, ku bar shi ya kwana a gidansa. Ya jingina mutuncinsa da dukiyarsa a kan maganar wani. Mai gudu yana ganin hukuma ya yi wa wayo, alhali kuwa mutumin da ya fi kowa yarda da shi ya cuta. Alkawari kaya ne, in ka yar da shi ba ƙasa yake faɗawa ba, kan wani yake faɗawa.

Na uku shi ne wanda ba mu san shi ba, wato mutumin da za a gurfanar gobe daga wannan ƙauye. Alƙalin da mutum biyu ko uku daga bakin iyaka suka gudar masa, in na huɗu ya zo zai ce a kawo ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza, ko mai takardar fili a cikin birni, abin da ɗan ƙauye ba zai samu ba. Sai bawan Allah ya yi watanni a tsare a kan gudun da wani ya yi. Kowane gudu yana ƙara wa beli tsada ga na baya.

Ban da wannan, shi kansa magudancin bai tsira ba. Ya guje wa gara ya faɗa gidan zago. Ba ya iya zuwa jana'izar mahaifinsa sai da dare, ba ya iya cin kasuwar garinsu, gonarsa tana hannun wasu, kuma duk wanda ya san sirrinsa ya sami abin tatsarsa. Ɗaurin wata shida da yake gudu, wanda mai yiwuwa ma a sallame shi, ya musanya shi da ɗaurin talala wanda ba shi da ranar ƙarewa.

Yadda mutum zai dawo kuwa yana da muhimmanci. Zuwa da kai ya fi aike, kuma wanda ya shigo kotu da ƙafarsa ba daidai yake da wanda aka shigo da shi da ankwa ba. Ya nufi kotun da ta ba da takardar, don ita kaɗai ke iya soke ta. Ya tafi da wanda ya tsaya masa, da lauya in yana da hali, in ba shi da hali akwai Hukumar Taimakon Shari'a da aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi. Ya riƙe shaidar uzurinsa, ko katin asibiti ne, ko mai unguwar da ya san ruwa ya yanke hanya. Ya roƙi alƙali ya janye warantin ya bar shi a kan belinsa. Kuɗin da zai ba wani a kan hanya don a kau da kai, sayen kwana ɗaya ne kawai, takardar tana nan a cikin fayil.

Dangi da mai lamuni

A nan ne zumunci da doka suke karo. Ɗan 'yar'uwarka ya zo maka da dare ya ce ana nemansa, za ka kore shi? Bahaushe ba ya korar baƙo, balle jininsa, kuma ban ga laifin wanda ya ba shi ruwa da tabarma ba. Amma saukar baƙo daban, ɓoye shi shekara da shekaru daban. Kawun kirki shi ne wanda in gari ya waye zai ce, tashi in raka ka, ni zan yi magana. Wanda ya ce zauna abinka, ba mai taɓa ka a nan, ya taimake shi ne a kan cin amanar wani ɗan'uwan da ke can gida riƙe da takardar beli.

A ɗaya gefen kuma akwai mummunar al'adar kama wani a madadin wani, a tsare uba ko mata ko ƙane har sai mai laifi ya fito. Sashe na 7 na dokar 2015 ya haramta wannan ƙarara, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake haramta shi. Mu kuwa tun muna makarantar allo muka san ƙissar Annabi Yusuf, lokacin da 'yan'uwansa suka roƙe shi ya riƙe ɗayansu a madadin ƙaninsu, ya ƙi, don riƙe wanda ba a sami kaya a wurinsa ba zalunci ne. Mai lamuni kuwa shi da bakinsa ya ɗauki nauyi, don haka matsayinsa daban ne. Sanata Ali Ndume, wanda ya tsaya wa Maina a kan naira miliyan 500, sai da ya kwana a gidan yarin Kuje a Nuwamban 2020. To amma ko a nan fiƙihunmu ya bambanta. Akwai lamunin dukiya, akwai lamunin kawo mutum, akwai kuma lamunin nema, wanda a cikinsa abin da ke kan mai lamuni shi ne ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen neman wanda ya ɓace, ba a kama shi da biya sai in ya yi sakaci ko ya haɗa baki. Ina ganin adalci ne alƙali ya tambayi mai lamuni abin da ya yi, ina ya je, wa ya aika, kafin ya taɓa dukiyarsa. Ya kamata kuma kowa ya sani, doka ta ba mai lamuni damar zuwa kotu ya janye tun kafin abu ya ɓaci, in ya ga take-taken mutuminsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nauyin da ke kan kotu

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ranar kotu alkawari ne tsakanin ɓangare biyu, amma ɓangare ɗaya kaɗai ake kamawa in ya saɓa. Mutum ya sayar da kaza ya yi kuɗin mota, ya yi sammako, ya iso a ce masa alƙali ya tafi taro, ko mai gabatar da ƙara bai zo ba, ko ba a ga fayil ba, ya dawo bayan wata guda. A 2021 ma'aikatan kotuna suka yi yajin aiki daga watan Afrilu zuwa Yuni, kotunan ƙasar nan suka yi sama da wata biyu a kulle, ba wanda ya mayar wa talaka kuɗin motarsa. Dokar 2015 da kanta ta ce a riƙa yin shari'a kullum-kullum, in ba ta yiwu ba kada ɗagewa ta wuce sau biyar ga kowane ɓangare. Kotun da ta saɓa wa mutum sau biyar, sa'an nan ta kama shi don ya saɓa mata sau ɗaya, doka tana bayanta, amma ta rage wa kanta kwarjini.

Abin da nake ganin ya wajaba a kanta ba mai tsada ba ne. A faɗa wa mutum ranarsa da harshen da yake ji, a rubuta masa a 'yar takarda da boko ko da ajami, a haɗa masa da ranar kasuwar da ya sani. A karɓi lambar wayarsa da ta mai lamuninsa a tuna musu, tun da yanzu da wuya ka sami rugar da ba waya. Kafin a ba da waranti a kan rashin zuwa na farko a ƙaramin laifi, a aika ta hannun dagaci ko mai unguwa a ji dalili, wato yanke uzurin da malamai suka ce. In an ba da shi, doka ta yarda alƙali ya rubuta a jikinsa cewa in an kama mutum a sake shi a kan lamuni, to a riƙa amfani da wannan dama. In an kama shi, a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, kamar yadda sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce. Mafi girma duka, ya zama sananne a kasuwa da masallaci cewa wanda ya dawo da kansa ana sassauta masa. In sakamakon mai dawowa da na wanda aka kamo ɗaya ne, to kotu da kanta ta koya wa mutane cewa dawowa wauta ce.

Na san za a ce sassauci yana ƙara wa masu taurin kai ƙarfin gwiwa. Gaskiya ne akwai wanda ba ya jin lallashi, kuma domin irinsa aka yi waranti, ban ce a jefar da shi ba. Abin da nake cewa shi ne a bakin iyaka tsanani ba ya kawo mutum kotu, ƙetarar da shi yake yi. Wanda ya sha kai da gangan, a neme shi da duk ƙarfin doka. Sauran ukun kuwa, wato wanda bai sani ba, da wanda aka tare, da wanda ya tsorata, kira na biyu ya fi ankwa saurin kawo su.

Kammalawa

Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar kotu za ta zo ko mutum yana Bagudo ko yana Kandi, abin da ya rage shi ne wa zai ji kunya a cikinta. Ni dai matsayina shi ne wanda ake nema ya dawo, domin haƙƙin mai ƙara da mai lamuni da na baya. Dangi su rako shi, kada su ɓoye shi, kada kuma a kama su a madadinsa. Kotu ta tambaya kafin ta kama, ta kuma cika tata ranar.

'Yan'uwana ɗalibai, a cikinmu akwai waɗanda gobe za su zama alƙalai da lauyoyi da magatakarda da tafintoci, akwai kuma waɗanda in sun je hutu su ake miƙo wa takarda a ce, karanta mana. Ranar da aka miƙo maka sammaci ko takardar beli, kada ka tsaya ga karantawa. Faɗa wa mai ita ranar, ka maimaita masa, ka gaya masa abin da zai biyo baya in bai je ba, da abin da zai yi in ya riga ya kuskure. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda kuma yake da ja a kan abin da na faɗa, filin mujallar nan a buɗe yake, ina sauraron amsarsa a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.